Alaben da Uwani Ta Yi wa Babanta

Ku gyara zama, yau sai na haɗa ku gardama.

Uwani 'yar Malam Mati ce, tsohon baduku. Da idonsa ya raunana, ya ce zai saki rumfarsa ta kasuwa. Uwani ta roƙa a bar mata. Sai dai ita ba da fata take aiki ba. Wani yadi ne na ɓawon itace, mai laushi kamar fata, kuma inji mai kwamfuta ke yanka mata shi. Tsoho ya taɓe baki.

"Inji? To, yi min alabe da sunana a jiki kafin a sauko daga Juma'a. In hannuna ya yarda da shi, rumfa taki ce."

Ga shi falle ɗaya tak ya rage mata, kuma ba a sayar da yadin a garin.

Ran Juma'a da hantsi ta kife yadin a kan tabarmar injin mai danƙo. Za ta danna maɓallin injin ke nan, ƙawarta Ladidi ta cafke hannunta. "Ke! Kin kife yadi ba ki juya zanen ba? Sunan Baba a baibai zai fito!"

Ana gyarawa, ɗif, aka ɗauke wuta. Uwani ta ɗora hannu a ka. Maƙwabciyarta Tabawa mai ƙanƙara ta kwance batirin solarta da tarkacensa ta kinkimo aka jona wa injin, ta bar ƙanƙarar ranar ta narke.

Inji ya yanka tsaf. Amma yadi ya manne wa tabarma, Uwani na ja, gefe ya fara tsagewa. Yayarta Hansatu, matar mai kilishi, ta ce, "Sake shi! Tabarmar ake lanƙwasawa, haka muke ɗaye kilishi." Yadin ya fita lafiya lau, nan take Uwani ta ɗinka alaben.

Malam Mati ya dawo daga masallaci, ya shafa alaben, ya bi haruffan da yatsa. Sai ya miƙo mata makullin rumfar. Wallahi sai a lokacin Uwani ta yi numfashi mai kyau, ta zauna daɓas tana dariya da hawaye.

Guntun da ya rage alabe ɗaya kawai zai yi. To, wa za ta ɗinka wa a cikin ukun?