Mai Tef da Titin da Ya Kashe da Hannunsa

Akwai wani dattijo da 'yan unguwarsu ke kira Mai Tef, kuma wallahi duk sanda na tuna labarinsa sai raina ya ɓaci. Tsohon ma'aikacin awon filaye ne. Shi ya yi ritaya, amma tef ɗin awonsa bai yi ba, kullum yana cikin aljihunsa.

Da kuɗin sallamarsa ya gina gida mai ɗaki huɗu a bakin titi. Burinsa guda ne: gidan ya yi daraja, ran da tsufa ya kama shi da matarsa su sayar, su koma ƙarami, su riƙe kansu da abin da ya rage.

To amma titin ya tsaya masa a wuya. A ƙofar gidansa bas ke tsayawa. Gefe ga rumfunan masu kayan lambu, ga mai faci, ga mai gyaran waya. Gaba kaɗan kuma ga ƙaramin asibitin wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista.

"Wane mai kuɗi ne zai sayi gida a tsakiyar wannan tarkace?" yake cewa matarsa.

"Malam, tarkacen nan su ke ba ni kujera in ƙafata ta gaji," ta ce. "Kuma Sista ce ke auna mini hawan jini duk sati."

"Ke ba ki san kan ƙasa ba. Ni shekara talatin ina aunata."

Sai ya fito da tef. Ya auna rumfar mai faci, ya ga ta shigo titi da rabin mita, ya rubuta ƙorafi. Ya auna ta mai kayan lambu, ya rubuta. Haka ya tasa hukuma gaba, ba ji ba gani, har aka turo mota ta kwashe rumfunan nan kaf. Mutane na tsintar kwanon rufinsu, shi ko a jikinsa. Bayan nan ya yi uwa ya yi makarɓiya aka ɗauke tashar bas.

Saura Sista. A takardarsa ya rubuta cewa asibitin ya yi kusa da gidajen zama, har ya ja layi a ƙarƙashi: mita talatin da takwas kacal daga ƙofar gidana.

Ta zo har falonsa, ta durƙusa.

"Baba, in hayaniya ce zan gyara. Mama ma fa wurina take zuwa."

"Na riga na miƙa takarda," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Ku ji rashin imani. Matar da ke duba matarsa, ko ruwa bai ba ta ba. Sista ta tattara gadajenta ta koma bayan gada, masu rumfa suka bi ta.

Titi ya yi tsit, Mai Tef ya fito da kujera yana shan iska, kai ka ce gari ya ci da yaƙi. Amma daɗin bai kai shekara ba. 'Yan haya masu sammakon aiki suka tashi, tun da babu bas. Makarantar yara ta rufe saboda iyaye sun watse. Fitilun titi suka mutu, ba mai zuwa ya yi magana. Ko'ina ka duba bango, an rubuta "Na sayarwa."

Ana cikin haka jinin matarsa ya ƙara hawa. Likita ya ce dole su zauna kusa da inda za a riƙa duba ta. Mai Tef ya kira dillali, yana murmushi, ya ce lokacin girbi ya yi.

Masu saye shida suka zo. Ba wanda ya kushe ginin. Sai dai kowa ya fito ƙofa, ya waiga hagu da dama, ya tambayi inda ake hawa mota da inda ake sayen magani. Tayin da ya fi tsoka bai kai rabin abin da ya kashe ba.

Haushi ya turnuƙe shi, ya zaro tef yana kaɗawa. "Filina ko taku ɗaya bai ragu ba. Zo mu auna."

"Baba, mayar da tef ɗinka," in ji dillali. "Ba wanda ya ce fili ya ragu. Mutane wurin zama suke nema, kuma wurin zama yanzu yana bayan gada. Can gidaje sun ninka kuɗi."

Mai Tef ya kore shi, ya rantse ba zai sayar ba. Da taurin kai ya ƙara wata huɗu.

Wata safiya matarsa na shanya sai ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya karkace. Ya fito a guje, titi wayam. Ya buga gida uku, duk an garƙame su da kwaɗo. A baron magina ya ɗora ta, tsoho da shi, yana turawa yana haki. Don sabo da aiki, ƙafarsa na ƙirga taku ba da sonsa ba. Dubu biyu da ɗari shida ya ƙirga kafin ya kai ƙofar Sista.

Ta karɓi Mama, ta yi abin da za ta iya, ta samo motar da ta kai su babban asibiti. Rai ya tsira, amma ɓarin jikinta ya shanye.

"Da an kawo ta da wuri fa?" ya tambayi likita.

"Da wataƙila ta tashi da ƙafarta. Asibiti na da nisa da gidanku ne?"

Mai Tef ya san amsar fiye da kowa, shi ya auna, shi ya ja layi a ƙarƙashi. A wannan satin ya sayar da gidan a wulaƙance, ya kama ɗaki guda a bayan asibitin Sista.

Darasi: Darajar gida ba a bulo da fenti take ba, tana wurin mutanen da ke kewaye da shi. Kar ka raina mai rumfa ko ka tashi maƙwabci don kana ganin ya rage maka ƙima, wata rana ƙofarsa za ka nema da gudu. Ku tura wa 'yan unguwarku, musamman masu saurin rubuta ƙorafi.