Shayin da Gajere Ya Haɗa wa Ƙaninsa

A unguwar Briketeri ta birnin Yawunde an yi wani tela mai suna Gajere. Hannunsa na da kyau a ɗinki, amma ba da ɗinki aka san shi ba, da baki aka san shi. Bai taɓa buga ƙwallo ba, ko keke bai iya hawa ba, amma babu wasan da ake yi a duniya da ba shi da hukunci a kansa. Bangon shagonsa cike yake da hotunan motocin tsere da ya yanko daga tsofaffin mujallun Faransanci, rediyonsa kuwa ba ya yin shiru sai in batir ya mutu. Babban aibinsa shi ne ya yi imani babu mai cin nasara da guminsa. A wurin Gajere, duk wanda ya zo na ɗaya to ya sha wani abu ne.

Kullum bayan la'asar yakan zauna a teburin Sule mai shayi, mutane su kewaye shi. Ranar da rediyo ta ce an ƙwace lambar wani ɗan gudu a ƙasar waje saboda shan ƙwaya, Gajere har tafi ya yi.

"Ban gaya muku ba?" in ji shi. "Wannan wawa ne, shi ya sa aka kama shi. Waɗanda ba a kama ba su ake kira shampiyon. Mutum ya zauna cikin mota tana gudu kamar harsashi, ya sha kwana bai ƙifta ido ba, ku ce mini ruwan famfo ya sha?"

Sule ya ce, "Malam Gajere, ai ba a rasa na Allah a cikinsu."

"Na Allah suna baya, su ke zuwa na ƙarshe."

Aka yi dariya. Dariyar nan ita ce abincin Gajere.

Lokacin kuwa shekarun da mutane ke kira lakiriz ne. An zaftare albashin ma'aikata, kuɗin sefa ya faɗi, masu kawo shadda a yi musu aiki suka ɗauke ƙafa. Keken ɗinkin Gajere ya yi shiru, bakinsa ya ƙara buɗewa.

Yana da ƙane guda, Baha'uddeen, makanikin babura a unguwar Messa. Baha mutum ne mai shiru, ko goro ba ya ci. Shi ke riƙe da mahaifiyarsu Inna Kulsum, da matarsa Fa'iza mai goyo. In ya hau babur kuwa, kai ka ce a kansa aka haife shi.

Ana nan sai wani kamfanin sayar da babura ya sanar da tsere a wani filin jar ƙasa da ke bayan gari. Wanda ya ci zai sami sabon babur da aiki a garejin kamfanin. A irin wannan zamani, aiki mai albashi ba ƙaramin abu ba ne. Baha ya harhaɗa babur daga tsofaffin ƙarafa, ya riƙa fita gwaji bayan sallar asuba. Gajere kuwa, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, ya shiga gaya wa mutane shi ne manajan ƙaninsa.

Wata rana ya tafi kasuwar Mokolo wurin Gali, mai baza magunguna a kan tabarma, wanda talakawa suka koma wurinsa tun da kantin magani ya fi ƙarfinsu. Ya ce yana son abin da ke kore tsoro da gajiya.

Gali ya zaro wasu ƙwayoyi. "Direbobin manyan motoci ke shan wannan. Daga nan har Garwa ba sa runtsawa. Amma rabi ake sha, ka ji ko? Rabi."

"Ni za ka koya wa?" in ji Gajere.

Da ya kai wa Baha, Baha ya duba ƙwayoyin ya mayar masa.

"Yaya, babur ba ƙarfi yake so ba, natsuwa yake so. In Allah ya ba ni, na gode. In bai ba ni ba, na koma gareji."

"Kai yaro ne, ba ka san duniya ba. Duk waɗanda za ka kara da su sun sha."

"Su sha. Ni dai a'a, Yaya. Ka yi haƙuri."

Abin ya ƙona wa Gajere rai. Shi da jama'a ke saurara a teburin shayi, yau ƙaninsa ne zai ce masa a'a? Ya ce a ransa, bayan an ci, yaron zai gode masa.

Ranar tsere da safe ya haɗa shayi a filas. Ya daka ƙwayoyin, ba rabi ba, duk abin da ya sayo ya zuba, ya cika sukari da citta. A bakin fili, kafin a jera, ya tsiyaya wa Baha kofi.

Baha ya kurɓa ya yatsine fuska. "Yaya, shayin nan da ɗaci."

"Citta ce ta yi yawa. Shanye, za a fara."

Baha ya shanye, don bai taɓa zaton mugunta daga hannun yayansa ba.

Aka ɗaga tuta, babura suka tashi, jar ƙura ta turnuƙe. Zagaye na farko Baha na tsakiya, yana tafiya a natse yadda ya saba. Can sai ya fara wuce mutane kamar suna tsaye. Gajere ya hau kan wata ganga yana ihu.

"Ƙanina ne! Ni na shirya shi!"

Da Baha ya zo wucewa ta gabansa, Gajere ya ga kan babur ɗin na rawa, ya ga bakin ƙaninsa a buɗe kamar mai neman iska. A gaba akwai kwana mai kaifi inda 'yan kallo suka taru. Kowa na rage gudu a nan. Baha bai rage ba. Ya miƙe ya tsinke igiyar da aka ja, ya afka cikin mutane.

Babur ɗin ya bi ta kan Jaratu, wata bazawara 'yar Briketeri da ta zo sayar da lemo don ciyar da marayunta. Nan take ta cika. Baha kuwa ya faɗa kan dutse, bayansa ya karye.

A asibiti likita ya duba idanunsa, ya ji yadda zuciyarsa ke bugawa, ya tambayi me ya sha. Kafin magariba labari ya game unguwa: ashe Baha shiru-shirun nan ɗan ƙwaya ne. Dangin Jaratu suka zo suka yi ta jifan ƙofar gidan su Baha. Fa'iza ta daina zuwa famfo sai ta rufe fuska. Inna Kulsum ta daina ɗaga ido in ana gaishe ta.

Gajere ya ɓoye abin da ya aikata. Da ya koma teburin shayi, wani ya tambaye shi ko ya san ƙaninsa na shaye-shaye. Duk ido ya dawo kansa. Ya juya cokali cikin kofi, ya ce:

"Yaran yanzu, wa ya san abin da suke sha a ɓoye? Na sha yi masa faɗa."

Aka tausaya masa, har Sule ya ƙi karɓar kuɗin shayinsa.

Aka dawo da Baha gida a kwance, ƙafafunsa ba sa motsi. Wata rana Gajere ya leƙa ɗakin, ya tarar babu kowa sai shi. Zai juya, Baha ya kira shi.

"Yaya. Ba citta ba ce."

Gajere ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ban gaya wa Inna ba, ba kuma zan gaya mata ba. Amma ka je ka gaya wa 'ya'yan Jaratu ni ba mashayi ba ne. Shi kaɗai nake roƙonka."

"Zazzaɓi ke sa ka surutu," in ji Gajere, ya fice. Bai sake shiga ɗakin ba.

Gyambon kwanciya ya ci bayan Baha, magani ya gagara. Kafin damina ta fita ya rasu, da sunan mashayi a kansa.

Amma Babba, babban ɗan Jaratu, bai haƙura ba. Tun ranar da aka binne uwarsa yake bin masu tallar magani ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya sayar da ƙwayar. Ana zaman makokin Baha a ƙofar gida, sai ga Babba ya jawo Gali da wuyan riga, ya tura shi tsakiyar tabarmi.

"Faɗi abin da ka gaya mini."

Gali ya nuna Gajere. "Wallahi ban taɓa ganin makanikin nan ba. Wannan telan ne ya saya, jajibirin tsere."

Sule ya miƙe a hankali, ya dubi Gajere. "Filas ɗin da ka ara a wurina ran nan, da kofi," in ji shi. Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya buƙaci ya ƙarasa.

Daga bayan labulen zaure muryar Inna Kulsum ta fito. "Gajere, gaskiya ne?"

Ya buɗe baki, abin da ya saba faɗa shi ya fito. "Inna, ai duk duniya haka ake yi. Ni taimakonsa na..."

"Ya isa," in ji ta. "Biyu na haifa. Ku shaida, biyu na binne."

Babba bai taɓa shi ba, ko zaginsa bai yi ba. Mutane suka naɗe tabarmar da yake kai, suka bar shi tsaye. Fa'iza ta ɗauki ɗanta da surukarta suka koma arewa wurin danginta. Inna Kulsum ta rasu a can, labarin ma a bakin direbobi Gajere ya ji shi. A Briketeri ba mai kawo masa ko ɗinkin maɓalli, in ya yi sallama a kan amsa ne ba a dube shi ba. Ƙarshe ya kwashe ya koma wani ɗan ɗaki a unguwar Elig-Edzoa kusa da layin dogo, yana yawo da keken ɗinki a ka yana facin tsumma. Waɗanda suka gan shi sun ce yakan zauna a gefen hanya yana ta bayani da hannu, babu kowa a gabansa.

Mai karatu, darasin a fili yake. Wanda ya saba cewa kowa maguɗi ne, kansa yake share wa hanyar maguɗi. Jin labarin abu a rediyo ba sanin abin ba ne, kuma ra'ayin da ke ba da dariya a teburin shayi yana iya kisa in aka zuba shi a kofin wani. Idan ɗan'uwanka ya ce a'a, ka girmama a'arsa. Idan kuwa ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun wanda ka zalunta yana da rai, domin Gajere ya sami wannan damar, ya juya mata baya, ba ta kuma sake dawowa ba.