Ciwon Ne Ke Fita

Akwai wani manomi mai taka-tsantsan ƙwarai. Ko sabon iri aka kawo masa, ba ya baza shi a gona sai ya gwada a kunya ɗaya tukuna. Matarsa kuwa tana da ciwon suga. A asibiti aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta riƙa sha muddin ranta. Wannan "muddin rai" ya tsaya masa a zuciya, gama yana ƙaunarta, yana so ta warke sarai.

Ran kasuwa ya tarar da mai magani a kan mota da lasifika, yana cewa garin maganinsa saiwoyi ne zalla, yana maganin suga, hawan jini, basir, har da rashin haihuwa. Kai, mutuwa kaɗai ya rage bai lissafa ba!

Mai maganin ya ce masa, "Baba, kai manomi ne. In ka sare ciyawa ta sama, me take yi?"

Ya ce, "Tohowa take."

"To, na asibiti sara yake, nawa tumɓukewa yake daga saiwa. Amma fa ba a haɗa su."

Maganar ta shige shi, ya sayi garin. Da ya kai gida ya yi mata bayani, matar ta ce, "Maigida, in bar ƙwayoyin?"

Ya ce, "Bar su, Maman Ishaku, wahala ta ƙare."

Ba a jima ba ta fara ramewa, ƙishirwa ba ta barinta, idonta ya yi hazo. Manomin ya koma kasuwa hankali a tashe. Mai maganin ya tafa hannu ya ce, "Madalla! Ciwon ne ke fita. A ƙara mata cokali."

Wayyo, da hannunsa manomin ya ƙara mata. Ranar da ta suma aka ɗauke ta zuwa asibiti, amma ba ta dawo da ƙafarta ba. Ashe ba ciwon ne ke fita ba, rai ne.

'Yan'uwa, ma'anar misalin nan ke nan. Ubangiji ne ya halicci ganye da saiwa, akwai masu amfani a ciki, amma bai ce kowane bakin da ke tallarsu gaskiya yake faɗa ba. Wanda ya ce maganinsa na warkar da kome, ku tambaye shi wa ya gwada. Wanda ya ce ku bar na likita, ku koma wurin likitan ku ji. In jiki yana lalacewa, kada a ruɗe ku cewa sauƙi ne. Manomin nan ƙauna ce ta kai shi, ba mugunta ba. Amma gwajin da ya yi wa irin dawa, bai yi wa abin da ya ba matarsa ba.