Wayar da Ke Ƙarƙashin Kafet

Akwai wani direba da ake kira Dogo, mai wata tsohuwar mota da yake kai yaran unguwa makaranta da safe, da rana kuma ya ɗauki fasinja. Mutum ne mai son sauti kamar me. Da Allah ya hore masa, sai ya sayi amfilifaya da manyan sifiku, ya haɗa da jar waya mai kauri, kamar yadda mai shagon ya ba shi shawara.

Wa zai haɗa masa in ba amininsa ba? Mai gyaran wayar mota ne, kowa Injiniya yake ce masa. Tare suka tashi, gida na kallon gida. 'Yar autar Injiniya ma a motar Dogo take zuwa makaranta, Baffa take kiransa. Dogo ya miƙa makulli ya yi tafiyarsa, ko leƙowa bai yi ba.

Sauti kam ya fito, har gilashi na rawa. Amma ba a je ko'ina ba amfilifayar ta fara zafi kamar dutsen guga. Ana cikin tafiya sai kiɗa ya yanke, a duba a ga fiyus, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone.

Ya koma, Injiniya ya ce iska ce ba ta samu, ya matsar da ita. Ya sake komawa, aka ce shi ke ƙure ƙara. Karo na gaba aka ɗora wa mai shago laifi, wai jabu ya sayar masa. Dogo bawan Allah har shagon ya je ya yi wa mutum tijara a gaban jama'a. Daga ƙarshe Injiniya ya buɗe gaban mota, ya yi 'yan taɓe-taɓensa, ya ce fiyus ba zai ƙara ƙonewa ba. Bai ƙara ba kuwa.

Wata safiya mota cike da yara, Dogo ya ji ƙaurin roba. Kafin ya waiwaya, Auta ta fashe da kuka tana cewa ƙafarta zafi. Ya ci burki, ya fiffito da yaran, ya ruga ya cire kan batir. Hayaƙi na tashi daga kafet, daidai inda yarinyar ke ɗora ƙafa. Ƙasan takalminta har ya narke.

Bayan ya mayar da ita gida ya sama wa sauran yaran wata motar, bai kira kowa ba. Shi da kansa ya bi wayar tun daga batir. A gidan fiyus babu fiyus, wani guntun ƙarfe aka cusa don kada wuta ta yanke. Ya ɗaga kafet. Jama'a, jar wayar nan taƙi ɗaya kawai ta yi ta ƙare. Daga nan an ɗaura wata siririya da salatif, ita ce ta bi tsawon motar, duk ta ƙone. Dab da amfilifaya kuma aka sake liƙa guntun mai kaurin. Duk inda ido ke gani an sa mai kyau, sauran an ɓoye.

Dogo ya zauna a bakin titi. Wallahi ba motar ce ta ƙona masa rai ba. Duk zuwan da ya riƙa yi, ashe mutumin ya san abin da ya binne, yana kallon idonsa yana masa ƙarya.

Ya iske Injiniya a bakin shagonsa, kiɗa na tashi a tasa motar, but ɗin bayan motar a buɗe, ga jar wayar nan shimfiɗe a ciki.

"Mutumina, kai dai ba ka gajiya da ƙorafi?" in ji Injiniya yana dariya.

Dogo ya ajiye masa ƙonanniyar wayar. Injiniya ya fara kame-kame, wai waya duk waya ce, wai ragowa ya ɗauka. Sai Dogo ya zaro narkakken takalmin Auta da ya taho da shi ya ɗora a kai.

"Ka gane wannan? Kullum a kan aikinka take ɗora ƙafa. Tana gida, ƙunar kaɗan ce. Ka je ka gaya mata wa ya yi."

Injiniya ya ɗauki takalmin da shi ya saya da hannunsa, ya zauna a ƙasa.

Daga nan Dogo wurin mai shagon da ya yi wa tijara ya wuce ya nemi gafara. Har yau shi ke kai Auta makaranta, har yau Baffa take ce masa. Amma motarsa ba ta ƙara tsayawa a ƙofar shagon ubanta ba.

Darasi: Amana tana a wurin da mai kaya ba zai taɓa dubawa ba. In ka yi ha'inci a aiki, ba ka san wa zai ɗora ƙafa a kai ba, yana iya zama naka. Kuma in fiyus ya yi ta ƙonewa, a nemi dalili, kada a toshe masa baki. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, da duk wanda ke miƙa makulli ya juya baya.