Robar da Zaharaddeen Ya Ɗaura a Cinya

Akwai wani saurayi a Kwargaba, Zaharaddeen, manomin albasa da Allah ya ba gudu. Duk ƙasar Wurno ba mai kamo shi, shi ma kuma ya san haka.

Da matasa suka shirya tseren dogon zango daga Wurno zuwa Goronyo, sai ya cika kasuwa da cewa na ɗaya nashi ne. Ana saura kwana kaɗan, ya zo tsallake hanyar ruwa a fadama, ya ji wani abu ya tsinke bayan cinyarshi. Kafin la'asar wurin ya kumbura ya yi baƙi.

Uwarshi Mahbuba, wadda shi kaɗai marigayi mijinta ya bar mata, ta gasa mishi wurin da ruwan zafi, ta ce ya haƙura sai baɗi. Kawunshi Mode ya diba, ya ce jijiya ce, hutu take so. Shi ko ya ce in ya zauna gida 'yan tseren garin Rabah za su ce tsoro ya ji.

"Inna, mi kika tsoro? Tiyon injin ruwa ma in ya hwashe, roba muka ɗaura mai, ya ci gaba da aiki."

"To kai tiyo na?" in ji ta. Ya yi dariya ya fice.

Ranar tsere ya yanko robar tsohuwar tayar babur, ya naɗe cinyar tamau, ya ƙulle, ya rufe da wando. Da aka tashi, zafin ya ɗauke. Ya yi murna, ya ba kowa rata.

Can sai tafin ƙafar ya fara yi mishi kamar tururuwa na bi. Daga nan ya daina jin ƙasa. Ya kife bakin titi, daidai dajin nan da ko direbobi ba su tsayawa saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka cim mashi suka tambaya, ya ce ƙaya ce, su wuce. Suka wuce har na ƙarshe.

Sannan ya ɗaga wando. Robar ta nutse cikin nama, ƙafar ta kumbura ta yi sanyi, farcen ya yi baƙi. Ya mintsine ta, kamar ta wani. Ya kama ƙullin da farce, ya ƙi kwancewa. Ba wuƙa, ba gari kusa, ba kowa.

Sai ya ji ƙarar babur. Ya zaci 'yan bindiga ne. Ya ja ciki ya shige sabara, ya toshe baki yana salati a zuci, har ƙarar ta ɓace.

Ashe Mode ne, Mahbuba ta hana shi sakat sai da ya bi sawu. Sai da ya kai Goronyo aka ce yaro bai iso ba. Ya juyo yana tafe yana kiran sunanshi. Rana ta karkata kafin ya ji an amsa daga cikin daji.

"Kawu, ba ni jin ƙahwata."

Mode ya yanke robar, aka nufi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce sai an ga ko jini ya koma, in bai koma ba yankewa za a yi. Mahbuba ta zauna bakin gado, hannunta kan yatsun, tana jiran ɗumi.

Ɗumin ya dawo, ba a yanke ba. Amma tafin ƙafar bai sake ɗaguwa ba, sai dai ya ja ta. Yanzu Zaharaddeen kan riga kowa kama hanyar fadama, kowa kuma ya riga shi isa.

Darasi: In jikinka ya yi ciwo, tsaya ka yi magani, kar ka ɓoye shi don gudun bakin mutane. Masu yi maka kirari ba su ne za su yi jinyarka ba. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku masu taurin kai.