Yatsan Barmo Sarkin Aska

A zamanin da, an yi wani sarki da aka taɓa kai wa hari da wuƙa. Tun daga ranar ya kafa doka cewa duk wanda ya fitar masa da jini, ko ɗigo ɗaya ne, a bakin ransa. Mutum ɗaya ke kusantar wuyansa da ƙarfe, shi ne Barmo, Sarkin Aska.

Barmo kuwa yana ɓoye wata lalura. Yatsansa na tsakiya in ya lanƙwashe sai ya maƙale, daga baya ya fizge ya miƙe da ƙara. Tsoron a kore shi ya hana shi faɗa.

Wata Juma'a yana gyaran gemun sarki, yatsan ya kama, ya fizge, aska ta tsaga haɓar sarki. Dogarai suka danne shi. Barmo ya ga jini bisa farar riga, ya fara kalmar shahada.

Waziri, wanda ya ga yadda yatsan ya fizge, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a duba hannun kafin a taɓa wuyan."

Aka kirawo Keshawa, wani mai magani daga ƙasar Hindu da ya zo tare da fatake. Ya lalubi gindin yatsan, ya roƙi sarki ya dafa wurin da kansa. Barmo ya dunƙule hannu, sarki ya ji wani ƙulli ya wuce ƙarƙashin fata, ƙas. Keshawa ya bayyana cewa jijiya ce ta kumbura saboda yawan riƙon aska, ta daina wucewa ta hanyarta, mai ita ba shi da iko da ita.

Sannan ya sa tsinken ƙarfe a wuta. Barmo ya ɗauka hukunci ne ya zo, ya roƙi a kula masa da iyali. Amma ɗan taɓa gindin yatsan kawai aka yi, aka shafa man riɗi mai ɗumi, aka ɗaure shi da kara.

Sarki ya yanke cewa Barmo bai yi nufin cuta ba, laifinsa ɓoyewa ne, don haka ya umarce shi ya ajiye aska kwana arba'in. Ya kuma gyara dokar, ya ce ba za ta ƙara hawa kan wanda ya yi kuskure ba.

Da wa'adin ya cika, Barmo ya shigo fada da askarsa. Sarki ya dubi yatsan, ya ce, "Bismillah." Ya ɗaga haɓa, ya rufe ido.