Wanka a Ƙarƙashin Zane

An yi wani sarki a Birnin Marmaro, ana ce da shi Mujtaba ɗan Alhassan, wanda Allah ya hore wa tausayin talakawa da kuma son sanin komai. Ku kuwa masu karatu kun sani, waɗannan halaye biyu ba kullum suke zama lafiya a ƙirji ɗaya ba.

A zamaninsa ne waɗansu gwanaye suka zo masa da wata na'ura mai ban al'ajabi. Alluna ne na gilashi, waɗanda in mutum ya dangwala babban yatsansa a kai sai rubutu ya taso a hankali kamar kifi daga ƙasan ruwa, ya nuna sunansa da unguwarsu, da iyalinsa da gonarsa, da duk wani ciwo da ya taɓa kai shi gidan magani. Sarki ya sa aka tara labarin kowa a ciki, aka sa masa suna Kundin Jama'a, aka rarraba allunan a gidan magani da rumbun sarki da zauren kowane mai unguwa. Niyyarsa alheri ce tsantsa, kuma alherin ya samu, domin majiyyaci ya huta da maimaita tarihin ciwonsa, tsohuwa ta huta da yini a rana kafin a auna mata hatsin taimako. Abu ɗaya aka manta: kowane allo yana nuna komai ga duk wanda yake riƙe da shi.

To, akwai wata mai fura a ƙofar gabas, sunanta Hansatu, wadda take zama ƙarƙashin wata tsohuwar ceɗiya, da furar nan take ciyar da 'ya'yanta huɗu tun da mijinta ya rasu. Shekara uku da suka wuce ta yi tarin fuka, ta je gidan magani, Allah ya ba ta lafiya sarai. Ran nan ta je rumbun sarki karɓar irin gero, ta dangwala yatsa, sai mai awo, wanda ba abin da ya shafe shi sai mudu, ya bar idonsa ya yi yawo har ya kai kan tsohon ciwonta. Da yamma ya faɗa wa abokan hirarsa, ba don mugunta ba ma, don dai a ce shi ma ya san wani abu. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin Juma'a ta zagayo babu mai tsayawa gindin ceɗiya, Hansatu ta riƙa dama fura da safe tana komawa da ita gida ta yi tsami.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutane suka ɗauke ƙafa daga gidan magani, mai ciwo ya gwammace ya ja ƙofa ya yi nishinsa a ɗaki da a ji sunansa a bakin kasuwa. Sarki bai sani ba, domin fadawa ba su cika kai labarin da zai ɓata wa ubangidansu karin kumallo ba.

Wata rana bayan azahar ya kishingiɗa yana ƙailula, sai ya yi mafarki yana tafiya cikin birninsa, ga shi dukkan katangu sun zama ruwa garai-garai a tsaye. Babu zaure, babu asabari, yana ganin mai kuka da mai tagumi da mai ɗaure miki, kowa ya hango shi sai ya sunkuyar da kai. Sunayen mutane na ta shawagi a cikin katangun, suna haɗuwa suna rabuwa. Can gaba ya hango mahaifiyarsa, Mai Babban Ɗaki, wadda ta rasu shekara bakwai da suka wuce, tana tafe cikin farin mayafi, ta rungume hannunta na hagu a ƙirji. Wannan hannu, tun yana yaro bai taɓa ganinsa ba daga gwiwa zuwa wuyan hannu, kullum a naɗe yake da shuɗin ƙyalle, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Ya bi ta yana kira, sai ta juyo ta dube shi da irin kallon da take yi masa in ya shigo mata ba sallama. Nan ya farka, zuciyarsa cike da kewa da kunya.

Ya kira wazirinsa Haliru, dattijo mai ƙarancin magana, ya labarta masa. Waziri ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, ni ba masanin mafarki ba ne, amma wannan ba ya bukatar malami. Katangun nan mu muka narkar da su.” Sa'an nan ya kwashe labarin Hansatu da na gidan magani ya faɗa masa, bai rage komai ba.

Sarki ya tara majalisa, ya aza musu mas'ala, ya ce, “Ba a yi wa mutum hidima sai an san halin da yake ciki, in kuwa aka san halinsa an riƙe makogwaronsa. Ina wanda zai nuna mini yadda za a yi wa talaka aiki da sirrinsa, sirrin kuma ya zauna nasa? Wanda ya warware wannan, shi zan damƙa wa Kundin Jama'a.”

Sarkin Dogarai ya ce a yanke harshen duk wanda ya fitar da magana. Sarki ya ce, “Ko an yanke harshen mai awo, maganar ta riga ta shiga kunne dubu.” Magatakarda ya ce a farfasa allunan a huta. Sarki ya ce, “Sai tsohuwa ta koma yini a rana ke nan, saboda laifin da ba nata ba.” Malamai suka kawo hujjoji masu daɗin ji, waɗanda in ka tatse su ba ka samun cikin ludayi.

A rana ta uku Waziri ya shigo da wata tsohuwa 'yar ƙanƙanuwa, zanenta ya koɗe amma fes, tana ƙamshin kafur da ganyen magarya. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan Gwaggo Tasalla ce, mai wankan gawar mata. Shekara arba'in babu gidan da ba ta shiga ba a birnin nan, kuma ban taɓa jin an ce ‘in ji Tasalla’ ba.” Fadawa suka ɗan muskuta, don ba mai son ya zauna kusa da wanda ke tuna masa makwancinsa.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, “Allah ya taimaki Sarki, ni ban san baƙi ko fari ba, abin nan naku mai walƙiya ma tsoronsa nake ji. Amma aikina ya ƙaru bana, kuma waɗanda nake wankewa da yawansu ciwon da ake warkewa ne ya kai su. Shi ya sa da Waziri ya kira ni ban ce a'a ba.”

Sarki ya ce, “Gwaggo, faɗa mana yadda kike aikinki.”

Ta ce, “Ba wani abu ba ne, ranka ya daɗe. In na shiga, sai in fitar da duk wadda ba ta da aiki a ɗakin, ko da 'yar'uwar mamaciya ce. Mai zuba ruwa, ruwa kawai ta sani, idonta na kan buta. Sa'an nan in lulluɓe baiwar Allah da zane, in naɗe hannuna da tsumma, in yi wankan a ƙarƙashin zanen. Inda ya zama dole in gani sai in gani, in bar shi nan ɗakin, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Inda kuwa hannu zai iya ba da ido ba, to, ido ba shi da hurumi a wurin. Mutum ya miƙa maka kansa a lokacin da ba ya iya kare kansa, ina kai ina kallon ƙwaƙwaf?”

Sai wani abu ya faɗo wa Sarki a rai, ya ce, “Ke kika wanke Mai Babban Ɗaki?”

“Ni ce, Allah ya jiƙanta.”

“To, ke kaɗai ce a duniya kika san abin da ke hannunta na hagu. Ni ɗanta ne, ni ne kuma sarkinki. Shekara hamsin ina ɗauke da tambayar nan. Faɗa mini.”

Kada ku zaci jarrabawa ce yake yi mata, kamar yadda sarakunan hikaya suka saba. Da gaske yake. Da ta yi shiru sai fushi ya taso masa, ya ce zai ba ta gida da bayi in ta faɗa, in kuwa ta ƙi rana ba za ta faɗi tana cikin ganuwa ba.

Tasalla ta ɗago kai ta ce, “Zaki, da na sani ma da ba zan faɗa ba, sai dai a kore ni. Amma wallahi ban sani ba. Na ga ta rufe shi tana da rai, na ce wa kaina, Tasalla, wadda ta ɓoye wa ɗan cikinta ba ke za ta so ki gani ba don kin same ta a kwance. Na kwance ƙyallen a ƙarƙashin zane, fuskata na kallon bango, na ninka tsumma biyu a hannuna, ruwa ya kai ko'ina yadda shari'a ta ce, na rufe shi da likkafani. An yi mata wankanta cikakke, ta tafi da abinta. Abin da ban gani ba, babu mai ƙwace shi daga bakina, ko da zinariya ko da takobi.”

Sarki ya san cewa tambayarsa ta shiga ƙasa ke nan har abada, wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma a cikin ciwon ya ji wani sanyi, don ya gane an mutunta uwarsa a ranar da shi kansa da ba lalle ya iya ba. Ya share idonsa da gefen rawani, ya ce, “Jama'a, ga amsar mas'alata. Gwaggo, Kundin Jama'a ya zama amanarki.”

Ta ce, “Ni da ba na karatu?”

Ya ce, “Masu karatun ai mun ga aikinsu.”

Ta karɓa, amma da sharuɗɗa, ta zauna da gwanayen na'ura tana faɗa suna gyarawa. Aka lulluɓe shafin kowa, mai awo ba ya ganin komai sai mudun da zai auna, mai magani ba ya ganin gona, abin da kuma ba a bukata don yi wa mutum aiki ba a ma tambayarsa. Duk wanda ya buɗe shafin wani, sunansa zai zauna a jiki, mai shafin ya zo ya gani, ya nemi ba'asi. Mai awon da ya yi suruntu aka raba shi da allo. Da aka zo kan allon da ke ɗakin Sarki, wanda ke nuna komai na kowa, fadawa suka yi ta kallon juna, amma Sarki da kansa ya ɗauko shi ya miƙa mata.

Sai ta ce, “Saura Hansatu, ranka ya daɗe. Zanen da muka shimfiɗa yanzu bai kai kanta ba, nata ya riga ya yaye.”

Kun dai san al'adar sarauta: ba a ganin sarki yana ci ko sha, bakinsa na bayan amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe masa baki, ko gyara zama zai yi sai dogarai sun baza riguna sun kare shi daga idon jama'a. Ranar kasuwa da hantsi, Sarki Mujtaba ya taka da ƙafarsa har gindin ceɗiya, inda Hansatu ke zaune ita kaɗai tana korar ƙuda daga furar da ba mai saye. Ta zube ta yi gaisuwa. Ya ce, “'Yar'uwa, mun ci amanarki, mun zo neman gafara. A dama mini fura.”

Ta dama masa. Dogarai suka yunƙura za su baza riguna, ya ɗaga musu hannu ya ce, “Yau kam a bar su su gani.” Ya sauke amawalinsa a gaban duk kasuwa, ya karɓi ludayin da kowa ya guda, ya sha har ya ga ƙasan ƙwarya, ya ce a ƙara. Kafin azahar furar Hansatu ta ƙare ƙaf, tana ta kuka tana ba mutane haƙuri su dawo gobe. Bayan 'yan makonni gidan magani ya sake cika, aikin Tasalla na farko kuwa ya ragu, abin da ta ce ya fi mata gidan da Sarki ya gina mata daga baya don tukwici daɗi.

An ce Sarki ya sake ganin mahaifiyarsa a mafarkin wata ƙailula, katangu sun koma na ƙasa, tana zaune a inuwar zaure da shuɗin ƙyallenta a hannu. Ya tsaya daga waje ya yi sallama, ta amsa masa da murmushi, bai kuwa tambaye ta komai ba.

Masu hikima suka ce: adalcin mai mulki ba ya cika da abin da ya ba talakawansa, sai ya haɗa da abin da ya kawar da idonsa daga gare shi alhali yana da ikon gani. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu shugabanni masu rufa shi.